Inji Ɗan Gata, Birki Maraya: Yadda Muke Riƙon A-kori-kura

Babu motar da ta ɗauki nauyin karkararmu kamar a-kori-kura. Ita ke fito da tumatir da albasa daga fadamun Kura da Kadawa zuwa 'Yankaba, ita ke kai gero da wake Dawanau, ita ke kwaso awaki zuwa Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a. Ita ke kai amarya da kayan ɗakinta. A ƙauyen da babu motar asibiti, ita ake bugo wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani, kuma idan rai ya yi halinsa ita ke ɗaukar makara. Motar da ke yi mana wannan hidima ta cancanci a zauna a yi maganarta da gaske, domin yadda muke riƙonta yana cin rayukan mutane, kuma mafi yawan rayukan na talakawa ne da suka biya kuɗin mota da guminsu.

Abin da nake son faɗa ba shi da wuyar ganewa. Duk abin da ke sa motar nan ta tafi, muna kashe masa kuɗi ba tare da an roƙe mu ba. Abin da ke sa ta tsaya, ko ta zauna daram a kan titi, shi muke yi wa ƙoro. Inji ya yi tari sau ɗaya, kafin azahar motar tana gareji. Birki kuwa sai ya yi wata uku yana kuka ana cewa "zai kai mu", taya ta sule har zare ya leƙo ana cewa "da sauranta".

Sunan da motar ta yi na ƙarfi shi ne ya rufe mana ido, kuma sunan ba na banza ba ne. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka cika hanyoyin Arewa, har yau kuma akwai waɗanda ke aiki a kasuwannin ƙauye bayan sun ga jikokin masu su na farko. Sai Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, ta zo ta karɓe fagen. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Doum a kan irin waɗannan motoci, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Daga Agadas zuwa Dirkou har iyakar Libiya, ita ce ke keta Tenere. Wanda ya ji wannan tarihi sai ya ɗauka motar ba ta da iyaka. Amma ka tambayi direban sahara abin da yake yi kafin ya bar Agadas: zai shiga ƙarƙashin motar da kansa, ya duba kowane tiyo da kowane noti, ya ɗauki safaya fiye da ɗaya, don ya san lalacewar mota a can mutuwa ce. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. Mu da muke bin kwalta mun ɗauki labarin ƙarfin motar, mun bar labarin kulawar da ke bayansa.

A fara da lodi, don shi ne uwar matsalar. A-kori-kura irin su Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato kilo 1,000, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da yaronsa da duk wanda ke gidan gaba. Buhun masara cikakke kilo 100 ne. Ke nan idan mutum biyu suka shiga gaba, buhu takwas ko tara ya ishe ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar hatsi da yamma ya san ninkin wannan ake ɗora mata, a ɗaure da igiya har ya zarce rufin gidan gaba, sannan masu kayan su hau can ƙoli su zauna, ƙafafu na reto.

Masu mota sun samo wa wannan dabara, wato ƙarin sifirin. A kai wa maƙeri ya ƙara ganye biyu ko uku a kowane gefe, motar ta daina durƙusawa, kowa ya ce ai yanzu ta zama ingarma. Sai dai sifirin kaɗai aka ƙara. Birkin na jiya ne, aksul ɗin na jiya ne, boris da tayoyi da shasi duk ba su san an yi wani ƙari ba. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wanda makanikai da yawa ba sa faɗa wa mai mota. A tsofaffin Hilux da makamantansu akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashin bodi, da sanda mai haɗa shi da aksul ɗin baya. Aikinsa ya auna yadda bayan motar ya zauna. Idan ya zauna sosai, ya san an yi lodi, sai ya sakar wa birkin baya ƙarfi. Idan bayan yana sama, ya san babu kaya, sai ya rage ƙarfin don kada ƙafafun baya su kulle motar ta juya. To ka ƙara sifirin, bayan ya daina zama. Motar tana ɗauke da tan biyu, bawul ɗin yana ganin babu komai a kanta, ya bar birkin gaba shi kaɗai da aikin. Direba ya taka, motar ta ci gaba da tafiya, gobe a ce birki ne ya shanye.

Inda aka ajiye kayan ma magana ce. Kaya mai nauyi wurinsa ƙasa ne, a matse shi da bangon gidan gaba, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Idan aka sauke murfin baya aka jera buhuna a kansa, nauyin ya koma bayan aksul, gaban motar ya ɗaga. Sitiyari sai ya yi sako-sako a hannu domin ƙafafun gaba ba su danne titi ba, da dare kuma fitilu su kalli sama su kashe idon mai tahowa. Kayan da aka tula sama kuwa shi ke kayar da mota a kwana. A-kori-kura tun asali doguwa ce, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, kowane buhu da aka ƙara a sama yana ƙara mata wannan hali. Akwai kuma ɗaya gefen da sababbin direbobi ba su sani ba: idan babu kaya, bayanta ba shi da nauyi, ga shi ƙafafun baya ne ke tura ta. Ruwan farko na damina ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai, ka taka totur a kwana, sai ka ga bayan motar yana neman wuce gabanta.

Gudu yana da lissafin da ba ya canzawa don gwanintar kowa. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga saniya a titi, ƙafarsa ta bar totur ta sami birki, ya riga ya shafe fiye da wannan. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu. Ƙara lodi a kan wannan, ka ƙara zafin da birkin zai haɗiya. Shi ya sa direban da ya san aikinsa, in ya yi lodi, yakan bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba, ya kuma haƙura da wuce tirela sai ya hango titi fayau.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wata tsohuwar ɗabi'a ta dawo da ƙarfinta: sakin mota a furi a gangara, wasu har da kashe inji, wai don a rage shan mai. Na san tsadar mai ta gallabi kowa, ba na raina wannan. Amma a gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, inji shi ne babban birkinka. Ka sa lamba biyu ko uku, shi zai riƙe motar, birki ya zama na taimako. Ka sake ta a furi, duk nauyin ya koma kan birki, ya yi zafi har ya daina kamawa, man cikinsa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Wanda ya kashe inji kuwa ya yi asara biyu, don abin da ke sauƙaƙa taka birki da abin da ke sauƙaƙa juya sitiyari duk daga inji suke samun ƙarfi. Man da aka tsira da shi a wannan gangara bai cika gwangwani ba.

Man birki kansa mutane da yawa ba su san yana tsufa ba. Yana shan danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya shige shi ne ke sa ya tafasa da wuri, ya kuma ci bututu daga ciki. Duk bayan kimanin shekara biyu ya kamata a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin kwalbarsa, DOT 3 ko DOT 4. Idan ka ga yana raguwa, ko dai birkin ya cinye ne ko kuma akwai yoyo, kuma duka biyun aikin yau ne. Abin da ake yi a wasu garejojin gefen hanya sai dai a ce innalillahi: a zuba ruwan sabulu a madadin mai, ko kuma idan ƙafa ɗaya tana yoyo a toshe bututunta da ƙusa a ce a lallaɓa a kai gida. Motar da ke da birki a ƙafa uku, ranar da aka taka da ƙarfi gefe guda za ta fizga. Lallaɓawar kuma takan zama wata shida.

Sai taya, wadda ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Tayar Kwatano da ake jerawa a bakin titi, mai sheƙi saboda an goge ta, sau da yawa ta ƙare rayuwarta ne a Turai kafin ta hau jirgin ruwa. Zanenta yana iya zama da saura, amma robar ta bushe, wata ma don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, ga mu nan muna ɗora ta a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40. Akwai kuma kuskuren sa wa a-kori-kura tayar ƙaramar mota don girmansu ya zo ɗaya. Tayar ɗaukar kaya tana da alamar C ko LT a jikinta, gefenta ya fi kauri, kuma an rubuta iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Wanda zai sayi taya ya durƙusa ya karanta, ko ya sa a karanta masa.

Iska ma ba a auna ta da duka da sifana ko harbi da ƙafa. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ɗaya na lokacin da babu kaya, ɗaya na lodi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Mutane sun fi tsoron iska ta yi yawa, alhali ƙarancinta a ƙarƙashin lodi ya fi saurin fasa taya, domin gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa har ya yi zafi ya rabu. Geji ɗan ƙarami na aljihu ba shi da tsada, kuma ya fi zama abin dogaro a kan na mai faci wanda allurarsa ta daɗe da gajiya. Idan kuwa ƙaddara ta sa taya ta fashe ana cikin gudu, abin da jiki zai ce ka yi shi ne zai kashe ka. Kada ka taka birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe motar, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai gudun ya mutu sannan ka taɓa birki ka sauka gefe.

Injin da muke tattali ma, a gaskiya, tattalin nasa rabi ne. Juye ba a yin sa da kallon launin mai ko da jin ƙarar inji. A hanyoyinmu masu ƙura da zafi da lodi, duk kilomita 5,000 ya dace a juye baƙin mai a canza filta tare da shi, kuma a sayi mai a inda aka san asalinsa, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Filtar iska a lokacin hunturu tana toshewa kafin lokacinta. Lagireto yana son ruwansa na musamman mai hana tsatsa, ruwan rijiya kuwa yana barin ƙasa da gishiri a cikinsa har ya toshe. Sannan ga al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai ita ta ƙasar sanyi ce. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin kansa. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireto ko fanka ko famfon ruwa. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji na tafasa. Yaran mota nawa ne ke yawo da tabon ƙuna a hannu da fuska saboda maigida ya ce "buɗe ka zuba"?

Masu sababbin motocin gas su san cewa injinsu ba irin na da ba ne, wanda ke haɗiye duk abin da aka zuba masa. Na yanzu yana fesa mai da matsanancin ƙarfi ta ƙofofi sirara kamar gashi, ɗigon ruwa ko ƙasa daga jarkar ɗan bumburutu ya isa ya lalata kayan da kuɗinsu zai sayi tayoyi huɗu da canji. Idan fitilar filtar mai ta kama a dashbod, ruwa ne ya taru, a tsaya a tsiyaye shi. Wasu injinan gas na Hilux suna da bel na taimin da ake canzawa a kilomita 150,000, har da fitilar tunatarwa. Makanike ya kashe fitilar ba tare da ya canza bel ɗin ba, ranar da ya tsinke inji ne gaba ɗaya. Giyar da ke jan ƙafa huɗu kuma ta yashi ce da taɓo. A busasshiyar kwalta, a yawancin waɗannan motoci, wahalar da giyabos da tayoyi kawai take yi.

Duk wannan ƙarfe ne, ana sayensa a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Abin da ba a saye shi ne mutanen da ke bayan motar, kuma nan ne maganar ta fi yi mini zafi. Bodin a-kori-kura ba shi da kujera, ba shi da bel, ba shi da rufi. A gidan gaba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. A baya babu abin da ke riƙe da mutum sai hannunsa. Ba sai an yi karo ba: rami ɗaya, ko kaucewa ɗan acaɓa, ya isa ya cilla wanda ke zaune a gefen bodi ya faɗa da ka. Idan motar ta kife kuwa, buhunan da suke zaune a kai su ne za su danne su. Shi ya sa haɗarin da ƙaramar mota za ta fita da mutum biyu masu rauni, a-kori-kura sai ta bar gida goma cikin makoki, 'yan biki ɗaya ko 'yan ƙauye ɗaya, a yi musu salla a sahu guda.

Na san amsar, kuma amsa ce mai nauyi: to da me za su tafi? Ƙauyen da hanyarsa ba ta shiguwa ga bas, mota ɗaya ke zuwa ranar kasuwa, wanda ya ce kada a hau baya ya ce kada a je kasuwa, kada a je asibiti. Wannan gaskiya ne, kuma laifin rashin hanya da rashin motar haya ba na direba ba ne. Ba na cikin masu zama a ofis mai sanyi su ce a kama duk a-kori-kurar da ta ɗauki mutum. Amma tsakanin haramtawa da abin da muke gani yau akwai fili mai faɗi. Idan dole ne a ɗauki mutane, to tafiyar ta zama ta mutane: su zauna a ƙasan bodi, murfin baya a rufe, ga ƙarfen kariya a gefe, babu mai zama a baki, babu mai tsayuwa, babu mai hawa kan kaya. Tsofaffi da masu goyo su shiga gaba. Kada a haɗa mutum da sa a bodi ɗaya, kada a haɗa shi da jarkokin fetur. Gudun kuma ya zama na wanda ya san abin da ya ɗauko, ko da titin ya yi kyau. Wannan bai buƙaci kasafin kuɗin gwamnati ba. Kuma masu faɗa a ji su fara gyara nasu: ayarin 'yan siyasa da ke cika bayan Hilux da matasa suna tsaye suna kaɗa tuta a guje, da motocin rakiya masu benci a baya da ke keta gari kamar walƙiya, su ne ke koya wa yaro ɗan shekara ashirin cewa haka ake tuƙa motar.

Idan haɗari ya faru, direba ake nunawa da yatsa, in ya rayu. Ni kuwa na fi ganin mai mota. Shi ya yanka balas ɗin da ba zai fita ba sai an ninka lodi an yi sawu biyu a rana. Shi ake gaya wa taya ta mutu ya ce a juya ta, a kai ta baya. Shi ke cire kuɗin gyara daga aljihun direba, har direban ya koyi ɓoye matsala. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba yana riƙe ido da goro da shayi mai kauri, wani har da ƙwaya, ba don daɗi yake yi ba. Alhaji mai mota yana gida yana jiran kuɗi, kuma idan aka kira shi da mummunan labari, tambayarsa ta farko takan kasance a kan motar. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu mota da ke duba tayoyinsu da kansu duk Juma'a, suna ajiye ɗan littafi a cikin mota ana rubuta ranar juye da abin da maleji ya nuna, kuma irin waɗannan motocin ne ke shekara ashirin suna aiki. Amma su ne 'yan kaɗan.

Muna kuma da wata magana da muke rufe kowane bincike da ita: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce wanda ya san birkinsa ba ya kamawa, ya kwashi bayin Allah ashirin ya hau titi, ba shi da alhaki ba. Fikihunmu yana da babi guda a kan kisan kuskure da diyya, kuma fasinja amana ne a hannun wanda ya karɓi kuɗinsa. Zan so in ji limamai, musamman na masallatan tasha, suna faɗin wannan a sarari kamar yadda suke faɗin haramcin tauye mudu.

Abin da direba zai yi kowace safiya bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya zagaya motar kafin ya tayar, ya dubi ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare, ya zaro sandar baƙin mai, ya leƙa ruwa da man birki, ya taɓa notocin ƙafa ko wani ya kwance, ya sa yaro ya tsaya a baya ya ga fitilar birki da sigina suna kamawa. Ya taka birki motar na tsaye: in ƙafar tana nutsewa a hankali, yau babu fita. Safaya mai iska, jak, sifana, weji, abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli. Ganyen da muke karyowa mu zuba a titi ba ya ganuwa da dare, kuma motar da ta lalace a duhu ba fitila ta sha zama ajalin wanda bai san da ita ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Da damina, ruwan da ke gudu a kan hanya in ba ka ga ƙasansa ba, jira. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ya kamata kowane yaron mota ya haddace ta.

Hukumar nan an kafa ta tun 1988, wasu jihohi kuma sun kafa nasu, ga jami'an duba lafiyar mota. Amma ba su da mutum a kowace hanyar ƙauye, ba kuma za su taɓa samu ba, sannan duk jami'in da ya tare mota a tsakiyar hanya ya tare ta ne bayan an gama lodi. Wurin da ake iya hana abin shi ne inda ake ɗora kayan. A kowace tasha da kowace kasuwa akwai ƙungiyar direbobi, akwai shugaba, akwai ɗan kamasho da ba mota ke tashi sai ya rubuta ta ya karɓi nasa. Waɗannan mutane sun san kowace mota da mai ita, sun san wadda birkinta ke wasa, sun san direban da bai yi barci ba. Hannun da ke karɓar kuɗin tasha yana iya ƙirga buhu, ya duba lambar taya, ya ce wannan ba za ta tashi da mutum a kan kaya ba. Tashar da ta fara yin haka ita kaɗai za ta rasa lodi a makon farko, domin masu kaya za su koma bakin titi inda babu mai tambaya, kuɗin buhu kuma zai ɗan ƙaru tunda sawu ɗaya ya zama biyu. Don haka ba aikin reshe ɗaya ba ne. Shugabannin ƙungiyar na jiha, da sarakunan kasuwa, da hakiman garuruwan da manyan kasuwannin mako suke ci, su ne za su zauna kafin kaka ta shigo su yanke adadin buhun da kowace irin mota za ta ɗauka, a rubuta shi a allo a ƙofar tasha, a fara aiki da shi rana ɗaya a ko'ina.